Ƙidayar tsibirin Clare da abin da ba mu rubuta ba a kwarin Haɗeja

A yammacin ƙasar Ailan, a bakin wani lungun teku da ake kira Clew Bay cikin gundumar Mayo, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Clare. Girmansa kimanin murabba'in kilomita 16 ne, mai ƙafa zai ratsa shi daga baki zuwa baki tsakanin hantsi da azahar. Dutsensa mafi tsawo, Knockmore, ya kai mita 462, kuma ta gefen teku a tsaye yake har cikin ruwa, tsuntsaye ne kawai ke iya zama a jikinsa. Mutanen da ke kan tsibirin yau ba su kai 200 ba. Ba a haƙar komai a can, ba kuma hanyar zuwa ko'ina ba ce. Duk da haka da wuya a sami wani fili mai wannan girma da masana suka bi shi taku-taku, suka ƙirga abin da ke cikinsa tun daga tsutsar laka har sunayen gonaki, sannan bayan shekara 80 wasu suka dawo suka sake. Aikin farko an yi shi daga 1909 zuwa 1911, na biyu ya soma a 1991.

Wanda ya ja ragamar na farkon shi ne Robert Lloyd Praeger. Injiniya ya karanta, aikin laburare yake yi a Dublin, amma hankalinsa na kan tsirrai. Shi da abokansa sun fara gwada hannu a 1905 da 1906 a wani tsibiri ƙarami kusa da Dublin mai suna Lambay. Suka tarar da halittun da ba a san akwai su a ƙasar ba, sai sha'awa ta ƙaru, suka nemi wuri mafi girma kuma mafi nisa da birni. Praeger ya tara mutum wajen ɗari daga Ailan da Birtaniya da wasu ƙasashen Turai. Ba dukansu ne malaman jami'a ba. Akwai limaman coci, akwai ma'aikatan gwamnati masu yin abin a lokacin hutunsu, akwai mata irin su Jane Stephens wadda ta ɗauki nauyin soson ruwa. Kowa aka yanka masa nasa: wannan gizo-gizo, wancan gansakuka, wani tsutsotsin gaɓar teku, wani duwatsu, wani iska da ruwan sama. Cibiyar masana ta ƙasar, Royal Irish Academy, ita ta buga sakamakon kashi-kashi, sama da kashi 60, tsakanin 1911 da 1915.

Me ya sa sai tsibiri? In ka ce za ka ƙirga itatuwan wani daji, gardamar farko ita ce ina dajin ya soma, ina ya tsaya. A tsibiri ruwa ya riga ya raba wannan gardama. Sannan duk abin da ka tarar a kansa, ta wata hanya ya zo: ko iska ta kawo shi, ko igiyar ruwa, ko ya maƙale a ƙafar tsuntsu, ko ya biyo jirgin mutane, ko kuwa yana nan tun kafin ruwa ya raba wurin da babbar ƙasa. Wannan tambaya ce ta dami masana ƙarni na 19. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya ziyarci tsibiran Galapagos a 1835, kuma daga baya a gidansa har jiƙa iri yake yi a ruwan gishiri don ya ga kwana nawa zai yi bai mutu ba. A 1883 dutsen Krakatau ya yi aman wuta a Indonesiya, toka ta binne abin da ke kan tsibirin. Masanan da suka riƙa leƙawa bayan nan sun ga yadda rai ke dawowa a hankali, daga ɗan gizo-gizo guda da aka gani a 1884 har wurin ya sake zama kurmi. Da irin wannan tunani Praeger ya nufi Clare. Yana so ya san ta ina halittunsa suka shigo, kuma ko zaman kaɗaici ya sa sun sha bamban da 'yan uwansu na tsallake.

Amsar da ya samu ba mai sa a yi guɗa ba ce. Clare ya yi kusa da gaɓa, 'yan kilomitoci ne tsakani, kuma bai daɗe da fita daga zamanin da ƙanƙara ta rufe yankin ba a ma'aunin shekarun ƙasa. Saboda haka tsirransa da dabbobinsa kusan na tsallaken ne, sai dai sun fi ƙaranci. Praeger ya karkata ga cewa mafi yawan tsirran ta ƙasa suka shigo, a wani zamani da tsibirin ke haɗe da babban yanki. Kuma tun aikin bai yi nisa ba suka gane ba za ka iya cewa tsibiri ya rasa kaza ko ya keɓanta da kaza ba sai ka san abin da ke tsallake, don haka dole suka faɗaɗa binciken ya haɗa da gaɓar da ke kewaye da ruwan da ke tsakani. Alƙaluman da ake yawan ambata, nau'o'in halitta 8,488, tsirrai 3,219 da dabbobi 5,269, na wannan yanki ne duka, ba na tsibirin shi kaɗai ba. A ciki akwai 120 da ilimin kimiyya bai taɓa sani ba sam, da kuma ɗaruruwa da ba a san akwai su a Ailan ba. Wanda ya ji haka zai zaci wata aljannar halittu aka gano. Gaskiyar maganar ita ce mafi yawan sababbin nan ƙananan abubuwa ne, tsutsotsi da ƙwarin da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, kuma suna nan a wasu wuraren ma, ba wanda ya taɓa durƙusawa ya duba ne. Abin da alƙaluman suka auna, kusan, shi ne girman rashin sanin da ake ciki kafin a je.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Praeger shi ne bai ware mutane daga lissafin ba. Ya sa Thomas Westropp ya bi tarihi da kufai, Eoin MacNeill ya tattara sunayen wurare da na dangi, Nathaniel Colgan ya rubuta sunayen tsirrai da dabbobi a harshen mutanen wurin tare da abin da suke faɗa a kansu. Ba don ado aka yi wannan ba. A 1841 mutanen Clare sun kai wajen 1,600, kusan duka da dankalin Turawa suka dogara. Cutar dankali ta faɗo a 1845, yunwa ta biyo baya, wasu suka mutu, wasu suka yi ƙaura. Har yau in rana ta karkata ana ganin sawun kunyoyinsu a jikin tuddai inda yanzu tumaki ke kiwo. Masanin tsirrai da bai san wannan labari ba zai tsaya a kan tsohuwar gona ya rubuta cewa ga ciyawar da Allah ya halicci wurin da ita. A 1895 wata hukumar gwamnati mai kula da yankunan matalauta ta sayi tsibirin, ta sake raba gonaki, ta gina doguwar katangar dutse da ta raba wurin noma da makiyaya. Wannan katanga ita ma ta shiga cikin abin da ke yanke hukuncin wane tsiro zai fito a ina. Ga kuma hasumiyar Grace O'Malley, shugabar jiragen ruwa ta ƙarni na 16 wadda har ta gana da sarauniyar Ingila a 1593, da tsohuwar majami'a mai zanen dabbobi da mafarauta da makaɗa a rufinta.

Darajar aikin ba ta gama fitowa ba sai da aka koma. Sabon binciken da cibiyar ta soma a 1991, wanda littafinsa na farko ya fito a 1999, yana da abin da mafi yawan masu bincike ba su da shi: rubutaccen bayanin yadda wurin yake shekara 80 baya, nau'i bayan nau'i. Da shi aka iya nuna abin da ya sauya da yatsa. Tallafin da Tarayyar Turai ta riƙa ba manoma a kan kowace tunkiya tun daga shekarun 1980 ya sa tumaki sun yi yawa a tuddan yammacin Ailan, suka cinye gajerun tsirran da ke rufe dutse, kuma Clare bai tsira ba. A ɗaya gefen, wani tsuntsun teku da suke kira fulmar, wanda sai a 1911 aka fara ganin ya yi sheƙa a Ailan, yanzu ya cika jikin duwatsun. Masu binciken kufai kuwa sun rubuta wurare da yawa da na farko suka wuce ba su gani ba, har da tarin ƙonannun duwatsu na mutanen dubban shekaru baya.

Wannan na ƙarshe yana ɗauke da gargaɗi. In ka dawo ka sami abin da babu shi a tsohon lissafi, ba lalle ne sabon zuwa ba, ƙila na farko ne bai lura ba. In ka rasa abin da ke ciki, ƙila ya ɓace, ƙila kai ne ka zo a watan da ba ya fitowa, ƙila kuma mai rubutun farko ne ya ba shi sunan wani. Sunayen kimiyya ma sauyawa suke yi, abin da ake ɗauka nau'i guda a 1910 yau an raba shi uku. Abin da ya ceci masu komawa Clare shi ne na farko sun ajiye samfur, busassun tsirrai a takarda da ƙwari a kwalba, a gidan tarihi da ma'ajiyar tsirrai ta Dublin, ana iya ɗaukowa a sake dubawa.

To mu fa? Duk wanda ya zauna a majalisar dattawa a ƙauyukan Auyo ko Kiri Kasamma ko Guri ya san hirar da ake yi in an taɓo zancen ruwa. Tsohon masunci zai dubi ɗan ɗan'uwansa da ya dawo daga makaranta ya ce, "Kai yaro, ku ba ku ga kifi ba. Da, in ruwa ya ja baya, yauni ɗaya sai mutum biyu sun ɗauka. Giwan ruwa kuwa ba a maganarta." Yaron zai ce, "To Baffa, yaushe abin ya fara raguwa?" Ya ce, "Tun shekarar fari." Yaron ya ce, "Wane farin, na zamanin Gowon ko na bayansa?" Nan sai wani dattijon ya sa baki ya ce ba fari ba ne, dam ne. Na uku ya ce ba dam ba ne, raga mai ƙananan ido ce da dumba da aka cika ruwa da su. Kowa yana da gaskiyarsa, kuma babu takarda ko ɗaya da za a buɗe a ce ga nau'in kifin da ke wannan tafki a 1970, ga girmansu, ga watan da suke zuwa. Wanda bai ƙirga damin da ya zuba a rumbu ba, ranar da ya buɗe zai ga ya ragu, amma ba zai san nawa ɓera ya ci, nawa gida ya ci, nawa kuma dama can bai zuba ba.

Kuma sauyin da ya faru a kwarin Haɗeja ba ƙarami ba ne. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, duka a kan kogunan da ke shayar da kwarin. Kafin su, ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa, sannan rani ya zo ƙasa ta bushe ƙurmus. Bayan su sai ruwan ya koma zuwa kaɗan-kaɗan kusan shekara duka. Wannan shi ne abin da kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ke so. Ta kafa, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya bar inda ake bukatarsa ya kwanta a gonakin wasu, jan baki kuma ya sami wurin kwana kusa da shinkafa. Ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, ga ambaliya irin ta 2012 da 2022. Duk wannan ya wuce ta kan halittun fadama. Manyan abubuwan kowa ya gani da idonsa. Amma wace ciyawar ruwa ce kacala ta kora, wane kwaɗo ne ya daina kuka, wane ɗan kifi ne ya tafi ba sallama, waɗannan sai dai a yi ta cewa da akwai.

Ba wai ba a taɓa yin komai ba. Wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, ya buga jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, shekara guda bayan kammala buga sakamakon Clare, kuma har yau masu nazari na komawa gare shi. Tun ƙarshen shekarun 1980 ake ƙirga tsuntsayen ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru a lokacin sanyi, sa'ad da baƙin agwagwa daga Turai ke sauka, kuma dausayin Baturiya da ke yankin ya shiga jerin dausayoyin duniya na Ramsar, yarjejeniyar ƙasashe ta kare dausayi, a 2008. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri a arewa maso gabashin Jigawa ta yau, yana bin yadda mutane ke rayuwa da fari. Shi da abokan aikinsa sun kuma gano abin da ya saɓa wa maganar da kowa ke yi a lokacin: itatuwan gonakin da ke kewaye da birnin Kano ba ƙarewa suke yi ba, manoma na tsaron gawo da ɗorawa da kuka da tsamiyarsu, itacen girkin birni daga nesa ake kawo shi. Wannan ya isa ya nuna cewa ƙidaya ba kullum take gaskata mai kukan da can ya fi ba, wani lokaci takan ƙaryata shi. Sai dai waɗannan ayyuka a warwatse suke, wannan ya ɗauki tsuntsu, wancan itace, wancan mutane. Abin da Clare ya yi daban shi ne tara su duka a kan fili guda ƙarami, a lokaci guda, ta yadda za a ga abin da ya haɗa tunkiya da katanga da ciyawa.

Wani zai ce ai mu ba mu da teku, ina za mu sami tsibiri. Masana sun daɗe da faɗaɗa maganar. A 1967 Robert MacArthur da Edward Wilson suka fitar da bayanin cewa yawan nau'o'in da tsibiri ke riƙewa ya dogara da abu biyu: girmansa, da nisansa daga inda sababbi za su taso. Ƙarami ba ya ɗaukar jama'a mai yawa ta kowane nau'i, mummunar shekara guda na iya share wani gaba ɗaya, kuma in yana da nisa ba mai zuwa ya maye gurbin. Akwai wani ƙiyasi da ake yawan kawowa, cewa in fili ya ninka goma, nau'o'insa kan ninka biyu. In ka juya shi, dajin da aka sare kashi 90 cikin ɗari nasa zai iya rasa kusan rabin nau'o'insa, ba a rana ɗaya ba, sannu a hankali cikin shekaru. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Barro Colorado a Panama. Kan tudu ne a cikin kurmi, sai aka datse kogi don aikin mashigin jiragen ruwa, tafki ya cika wajen 1914, tudun ya wayi gari tsibiri mai girma kusan ɗaya da Clare. An killace shi tun 1923, ba sara ba farauta, amma duk da haka gomman nau'o'in tsuntsaye sun ɓace daga kansa, musamman masu yawo a ƙasan kurmi da ba sa ƙetare ruwa. Killacewa kaɗai ba ta hana asara in wurin ya yanke daga 'yan uwansa.

Da wannan ido, ƙasar Kano da Jigawa cike take da tsibirai. Akwai na zahiri, tuddan fadama da ruwa ke zagayewa da damina har sai da kwale-kwale ake shiga. Akwai kuma waɗanda gona ce ta zagaye su. Ka je ƙauyen da noma ya kai har bakin danga, babu saura ko taki ɗaya, ka leƙa tsohuwar maƙabarta. A nan kaɗai garma ba ta taɓa shiga ba. Za ka ga sabara da kalgo da geza sun yi duhu, aduwa ta tsufa ba wanda ya sassabe ta, wata ciyawa mai yaɗo da ka manta rabonka da ganinta tun kana yaro, ramin damo a gindin suri, bushiya na fitowa da magariba. Wannan ɗan fili shi ne kusan abin da ya rage na yadda dajin wurin yake kafin gonaki su haɗe. Haka duwatsun Birnin Kudu suke. A samansu akwai kwarmin da ke riƙe ruwan sama na 'yan kwanaki, talibambam da ƙananan ƙwari su yi sauri su gama rayuwarsu kafin ya ƙafe. A ƙarƙashinsu kuma, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ga zanen shanu da mutanen dauri suka yi, har da shanu marasa tozo waɗanda ba irinsu ake kiwo a yankin yanzu ba. Tarihin mutane da na dabbobi a jikin dutse guda. Sunayen wurare ma shaida ne: Giginyu da Kurna a cikin Kano, Rimin Gado a wajenta, da ɗaruruwan gonaki da tafkuna a ƙauyuka da ke amsa sunan itacen da ƙila yau babu ko kututturensa.

Sai dai kada a ja kwatancen ya wuce iyakarsa. Gona ba teku ba ce. Tsuntsu da jemage da iri suna ratsa ta, akuya na shiga maƙabarta in katanga ta zube, tudun fadama kuwa tsibiri ne wata uku ko huɗu kawai, da rani shanu na hawa har kansa. Duk wanda zai yi irin wannan aiki a nan dole ya yi abin da Praeger ya yi, ya auna tsallaken tare da tsibirin. Maƙabarta kuma tana da haƙƙinta: ba a taka kabari, ba a tone-tone, kuma ba a shiga da littafi da kyamara sai liman da masu gari sun yarda.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, kuma ban ga laifin mai yin ta ba. Mutumin da ruwa ya cinye masa shinkafa bana, me ƙidayar ƙwaro za ta ƙara masa? A shekarar farko, babu. Mutanen Clare ma na 1909 talakawa ne, masanan baƙi ne, sakamakon kuma ya fita da Turanci a mujallar masana a Dublin. Amma wasu amfanonin ba su da nisa. Tsargiya, fitsarin jinin da ke damun yaran da ke wanka a magudanan noman rani, ta jikin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa take bi. Sanin wane tafki ne ke da su, kuma a wane wata suke yawa, aikin ƙidayar halittu ne kai tsaye. In an zauna gardamar yawan ruwan da za a saki daga dam da lokacin sakinsa, garin da ke da rubutaccen lissafin kifinsa da makiyayarsa na shekaru ya fi mai rantsuwa kawai bakin magana. Haka ma in an zo batun diyya.

Haɗarin da na fi tsoro daban ne. A ƙauye, baƙo da igiyar awo da takarda ma'anarsa ɗaya ce a zukatan mutane: gwamnati za ta karɓe fili. Ba a banza suke wannan zargi ba, sun ga jiya. In ba a fara da bulama da dagaci da sarkin ruwa ba, aka bayyana musu abin da za a rubuta da wanda zai riƙe shi, amsoshin ƙarya za a kwasa, cikin ladabi kuwa. Sannan ba kowane sani ne ake bazawa ba. Ungulu, wadda da take cika mahauta da bakin kasuwa, tun 2015 aka sa irin tamu a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cikin abin da ke kashe ta har da masu sayen sassanta don tsubbu. Wanda ya wallafa a intanet cewa ga kukar da ungulu ke sheƙa a gari kaza ya yi wa mafarauci jagora ne. Haka itacen maganin da ya rage guda biyu a daji. Irin wannan a rubuta shi, amma a san hannun da zai shiga.

Batun suna shi ma yana da wuyarsa. A kwarin Haɗeja ba Hausa kaɗai ake yi ba, akwai Fulatanci da Badanci da Manganci, kuma kowa da fannin da ya fi ƙwarewa. Bafulatani zai rarrabe maka ciyawa goma inda manomi ya ga biyu, masunci zai raba kurungu kashi-kashi inda mai saye ya ga kifi ɗaya, ungozoma da mai magani sun san saiwoyin da namiji mai digiri bai taɓa jin sunansu ba. Wani lokaci suna ɗaya na rufe nau'i uku, wani lokaci nau'i ɗaya na da suna a Ringim, wani sunan a Birniwa. Maganin wannan shi ne kada a rubuta suna shi kaɗai. A haɗa shi da ganyen da aka busar ko hoton da aka ɗauka, da wurin, da ranar, da harshen wanda ya faɗa. Kuma in da za a bi shawarata, da wannan ɓangaren za a fara, kafin ƙwari da gansakuka. Ƙwaron zai jira shekara biyar a sami mai duba shi. Dattijon da ya san sunan kowane lungu na tafki tun kafin Tiga yanzu ya haura saba'in.

Ma'aikata ba su ne matsala ba. Akwai jami'o'i a Kano da Wudil da Dutse da Kafin Hausa, kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta a kammala karatu. Da za a zaɓi wuri guda, tudu ɗaya a fadama da tafkinsa da ƙauyensa, a ce shekara uku duk mai nazarin tsiro ko kifi ko ƙasa ko tarihi ko harshe a nan zai yi, da an tara abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sharaɗin shi ne a zagaya shekara duka. Mai zuwa a Janairu zai ga baƙin tsuntsaye ya rasa shamuwa, mai zuwa a Agusta zai tarar da gawo tsirara ya zaci ya mutu, mai zuwa a Afrilu zai taka busasshiyar laka bai san gaiwa na kwance a ƙarƙashinta ba. A kuma rubuta yadda aka yi aikin, mutum nawa, awa nawa, da wace irin raga, domin wanda zai dawo a 2100 ya maimaita daidai.

Ajiya ce za ta fi ba da wahala. Takarda a ƙasar nan tana da abokan gaba, gara da laima da sauyin ofis, waya kuma takan faɗa ruwa da hotunanta. Samfur na bukatar ɗaki mai kabad na ƙarfe da mai kula da shi da ake biya albashi, kuma wannan kuɗi ne na kowace shekara, ba na ranar buɗe taro ba. Kwafi uku ne mafi ƙaranci: ɗaya a jami'a, ɗaya a intanet ban da wuraren da aka ce a sakaya, ɗaya kuma da Hausa, boko da ajami, a hannun mutanen garin da aka yi aikin a ƙasarsu.